Lambobin tiyatar jijiyoyin mafitsara a fayil ɗin marar lafiya: ta ina kuskure yake shigowa?

Mai Adana Fayil, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum, malamaina da abokan aiki. Ina aiki a sashen adana bayanan marasa lafiya na wani asibiti a nan Birnin Kebbi, kuma a cikin aikin da aka ɗora mini akwai bai wa cututtuka lambobinsu na ICD-10, wato kundin rarraba cututtuka na duniya, bayan an sallami marar lafiya. Tambayata ta shafi ɓangaren da ya fi kowanne ba ni wahala, wato inda matsalar fitsari take haɗuwa da matsalar jijiya.

Mafi yawan fayilolin da nake nufi na mutanen da suka yi haɗarin mota ko na kabu-kabu ne, ko kuma harbi ya same su a gadon baya, laka ta taɓu, fitsari ya daina fita ko ya riƙa zuba ba tare da sun sani ba, har aka kai ga huda musu mara a sanya roba. Akwai kuma na dattawan da aka cire wa firostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, saboda sankara a wasu manyan asibitoci, suka dawo wurinmu da zubar fitsari ko raunin mazakuta. Kwanan baya ma an kawo mini fayil ɗin wani bawan Allah da aka dasa wa na'urar motsa jijiyar mafitsara a ƙasar waje, bayan ya dawo gida wayar ta goce daga mazauninta, likita ya rubuta hakan, ni kuma na rasa babin da zan nemo lambarsa.

Abin da na tarar ana yi shi ne a rubuta lambar N31.9, wato matsalar mafitsara ta jijiya da ba a fayyace ba, a kan kusan duk fayil ɗin da aka ambaci mafitsara da jijiya a cikinsa, aikin tiyatar kuma a bar shi yadda yake a rajistar ɗakin tiyata, ba tare da wata lamba ba. Shin N31.9 ta dace da duk waɗannan mutane? Idan ba ta dace ba, a ina ya kamata in nemo lambar aikin da aka yi, tunda na duba kundin ICD-10 ban ga babin tiyata ba? Sannan ta wace hanya sashe irin namu, mai ƙarancin ma'aikata, zai auna ko lambobinsa daidai ne?

Tsohon Malamin Rekod, Gwandu

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi tambaya mai kyau, kuma ba ka ga babin tiyata ba ne saboda babu shi. ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka amince da shi a 1990 aka fara aiki da shi a 1994, kundin cututtuka ne da dalilansu kawai. Ayyukan tiyata suna da nasu kundaye dabam, zan zo kansu. Amma bari mu fara da N31.9, domin nan ne ɓarnar ta fi yawa.

Rukunin N31 na matsalar mafitsara ne da ta samo asali daga jijiya, amma wadda ba a tanadar mata wuri a wani babin ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mutane suke tsallakewa. Idan ka buɗe juzu'i na ɗaya na kundin, wato mai jerin lambobi, ka karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin N31, za ka ga an fitar da wasu abubuwa daga cikinsa a fili. Mafitsarar da ta lalace saboda ciwon laka an tura ta G95.8, wadda kuma ta lalace saboda matsewar tarin jijiyoyin ƙarshen laka, waɗanda likitoci suke kira jelar doki, an tura ta G83.4. Zubar fitsarin da ba a faɗi dalilinta ba R32 ce, riƙewar fitsari kuma R33. To ka ga ke nan mutanen haɗari da na harbi da ka ambata, waɗanda su ne mafi yawa a fayilolinka, ba 'yan N31 ba ne tun asali.

Su ma sai ka duba lokaci. Mutumin da aka kawo daga hanyar Jega yau da karayar baya, raunin da ya ji shi ne babban abin da ya kwantar da shi, don haka lambarsa ta farko tana babin raunuka: S24.1 idan lakar da ke daidai ƙirji ce ta taɓu, S34.3 idan jelar doki ce. Bayan haka sai ka ƙara lambar sanadin raunin, wato V20 zuwa V29 ga wanda yake kan babur, ko X93 zuwa X95 ga wanda aka harba da gangan. Idan kuwa ya dawo bayan shekara ɗaya ko fiye da matsalar da raunin ya bar masa, sai ka rubuta matsalar da ta kawo shi, ka bi ta da T91.3, wadda take nuna cewa sakamakon tsohon raunin laka ne. Wanda ya zo a canja masa robar mara kawai, ba a kwantar da shi don wata sabuwar cuta ba, Z43.5 ce tasa. Ƙa'idar da ta tattara wannan duka tana juzu'i na biyu, wato na ƙa'idojin amfani da kundin, inda aka ce babbar cuta ita ce wadda aka tabbatar a ƙarshen jinya cewa ita ta sa aka nemi magani ko bincike, idan kuma sun fi ɗaya, sai a ɗauki wadda ta fi cin kayan aiki da lokaci.

Ko a cikin N31 ɗin ma akwai daraja. N31.0 ta mafitsarar da ƙwaƙwalwa ta daina iya tsawatar wa ce, N31.1 ta wadda take matsewa da kanta ba da umarnin mai ita ba, N31.2 kuma ta wadda ta saki ta daina matsewa gaba ɗaya. Wannan .9 da ke ƙarshe ma'anarta ba a fayyace ba. Idan sashe ya mayar da ita al'ada, ta zama rumbun da aka zuba gero da dawa da maiwa wuri ɗaya, ranar da aka zo neman iri babu wanda zai iya rarrabewa.

Game da mai na'urar, akwai lambobi biyu da suke kama da juna. T83.1 ta ƙunshi lalacewar na'urar lantarki ta hanyar fitsari, T85.1 kuma ta ƙunshi lalacewar na'urar motsa jijiya. Tunda wayar a jikin jijiya take kwance ba a jikin mafitsara ba, T85.1 ce ta fi dacewa, kuma kundin ICD-10 da Amurka ta faɗaɗa ya faɗi hakan ƙarara. Idan wurin ya yi ruwa ne ƙwayoyin cuta suka shiga, sai ka koma T85.7.

Tunda na ambaci kundin Amurka, bari in yi gargaɗi. Yaran yanzu suna ɗaukar waya su rubuta sunan cuta a intanet, su kwafi lambar da ta fara fitowa, alhali yawanci ta ICD-10-CM ce, wadda Amurka ta faɗaɗa don bukatarta ta fara aiki da ita ranar 1 ga Oktoba, 2015. Misali, raunin mazakuta bayan cire firostet N52.31 ne a can, amma a kundin Hukumar Lafiya ta Duniya babu rukunin N52 sam, N48.4 ake amfani da ita. Hanyar da muka koya ba ta canja ba: ka nemo kalmar a juzu'i na uku, wato fihirisar sunayen cututtuka, ka tabbatar da ita a juzu'i na ɗaya, ka karanta abin da aka shigar da abin da aka fitar kafin ka sa alƙalami.

Ayyukan tiyata kuwa, kowace ƙasa da abin da ta zaɓa. Amurka tana da CPT na ƙungiyar likitocinta da kuma ICD-10-PCS mai haruffa bakwai, Ingila tana da OPCS-4, wasu asibitoci har yanzu suna riƙe da juzu'i na uku na ICD-9-CM, inda cire firostet ɗungurungum yake 60.5, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ɗauki shekaru tana gina nata mai suna ICHI. Shawarata ita ce shugaban sashenku da shugaban likitoci su zauna su zaɓi ɗaya, a rubuta a takarda, a daina gauraya.

Likitan Mafitsara, Arewa maso Yamma

Malam ya gama da ɓangaren kundi, ni kuma zan yi magana daga ɗakin tiyata, domin a ganina rabin kuskuren da ake ɗora wa ma'aikatan rekod daga alƙalaminmu yake fitowa. Mai ba da lamba ba likita ba ne, kuma bai halatta ya yi hasashen abin da ba a rubuta ba. Idan na rubuta a takardar sallama cewa mafitsara ce mai matsalar jijiya na tsaya nan, ban faɗi inda jijiyar ta taɓu ba, ban faɗi sanadi ba, to N31.9 ɗin da aka sa ba laifin kowa ba ne sai nawa.

Domin a fahimci dalilin da ya sa wurin yake da muhimmanci, mafitsara tana karɓar umarni ta hanyoyi uku. Jijiyoyin da suke sa ta matse suna fitowa daga ƙashin tsatso, a gaɓoɓin da muke kira S2 zuwa S4. Waɗanda suke sa ta saki ta tara fitsari suna fitowa daga sama, wajen ƙarshen ƙirji da farkon kwankwaso. Ta ukun ita ce take riƙe tsokar bakin mafitsara da mutum yake iya matsewa da nufinsa, ita ma daga S2 zuwa S4 take. Rauni a sama da wannan cibiya ta S2 zuwa S4 yakan bar mafitsara mai matsewa da ƙarfi a kan rufaffiyar ƙofa, wanda yake iya mayar da fitsari sama ya lalata ƙoda, rauni a cibiyar ko ƙasa da ita kuma yakan bar mafitsara sakakkiya. Magani ya bambanta, haɗari ya bambanta, saboda haka lamba ɗaya ba za ta iya ɗaukar su biyun ba. Haka nan mai ciwon suga da jijiyoyinsa suka mutu a hankali, da mai tibin ƙashin baya, da yaron da aka haifa da buɗaɗɗen baya, kowanne sai an fara da cutar da ta haifar da matsalar.

Gaskiya ita ce tiyatar jijiyar mafitsara ta zamani ba ta yawaita a yankinmu ba, saboda tsadar kayanta. Abin da muka fi yi shi ne robar mara, da magunguna, da koya wa marar lafiya sanya roba mai tsabta da kansa lokaci bayan lokaci, hanyar da Jack Lapides ya bayyana a 1972 wadda ta ceci ƙodar mutane da yawa. Masu bukatar abin da ya fi haka mukan tura su manyan cibiyoyi, irin cibiyar mafitsara da ƙoda ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Amma masu hali suna zuwa Indiya da Masar su dawo da na'ura a jikinsu, don haka dole sashen rekod ya san yadda aikin yake.

Na'urar da ɗan'uwa ya ambata ta samo asali ne daga binciken Emil Tanagho da Richard Schmidt a San Faransisko, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da InterStim na kamfanin Medtronic a 1997 don zubar fitsari na gaggawa, sannan a 1999 don riƙewar fitsarin da ba toshewa ce ta kawo ta ba. Ana zura siririyar waya ta ramin S3 a ƙashin tsatso, a gwada na ɗan lokaci da batir na waje, idan an ga sauƙi sai a dasa batir na dindindin a ƙarƙashin fatar saman ɗuwawu. Ayyuka biyu ne ke nan a ranaku biyu, kowanne da lambarsa. A CPT, zura wayar ta fata 64561 ne, dasa batir 64590, gyara ko cire waya 64585, gyara ko cire batir 64595. Wanda ya ba matakin gwaji lambar dashen dindindin ya ƙirƙiri aikin da ba a yi ba, wanda kuma ya ƙirga matakan biyu a matsayin mutum biyu ya ninka yawan marasa lafiya.

Ku lura da wani abu da yake ɓatar da masu ƙidaya. Duk waɗannan lambobi suna babin jijiya ne, ba babin mafitsara ba, ko da yake likitan mafitsara ne yake yin aikin. Allurar Botox, mai sassauta tsoka, da ake yi wa tsokar mafitsara ta cikin madubin leƙe, wadda aka amince da ita a Amurka a 2011 ga masu matsalar jijiya, ita kuma tana babin mafitsara da lamba 52287. Duk wanda ya ce zai ƙirga ayyukan sashenmu ta hanyar zaro babin mafitsara kaɗai, zai samu allurar ya rasa na'urar.

Batun firostet ya fi wannan sarƙaƙiya. Tun da Patrick Walsh da Pieter Donker suka bayyana hanyar da jijiyoyin mazakuta suke bi a gefen firostet a 1982, likita yana iya cire ta ya bar jijiyoyin, a gefe ɗaya ko duka biyun, idan sankarar ba ta kai gare su ba. Amma lambar aikin ba ta nuna hakan. CPT 55840 ta ce ko an bar jijiyoyin ko ba a bar su ba duk ɗaya ne, 60.5 da Malam ya ambata ma haka take. Ke nan lamba tana iya zama daidai ɗari bisa ɗari amma ta yi shiru a kan abin da ya fi damun dattijon da iyalinsa. Maganin wannan ba a kundi yake ba, sai dai a ƙara gurbi a rahoton tiyata da rajista inda za a rubuta gefen da aka bari.

Roƙona ɗaya ga masu ba da lamba shi ne kada su sa T81.2, wato yanka ko huda bisa kuskure a lokacin aiki, sai idan likita ya rubuta cewa kuskure ne. Jijiyar da aka cire da gangan domin a share sankara ba kuskure ba ce, ɓangaren aikin ce. Idan kun ga abin da ya shige muku duhu, ku rubuto tambaya a takarda, ku saka a fayil, mu amsa mu sa hannu da kwanan wata. Tambaya ta baka a kan baranda ba ta zama hujja.

Sista Mai Jinya, Argungu

Likita, Allah ya saka da alheri, amma ina ganin an bar mutanen da suka fi kowa yawa a wannan babi a jiharmu, wato matan da doguwar naƙuda ta illata. Duk wanda ya taɓa leƙa cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse a Birnin Kebbi, ko ta Babbar Ruga a Katsina inda Dakta Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana aiki, ya san cewa rami a mafitsara ba shi kaɗai ne abin da naƙudar take bari ba. Kan jariri da ya daɗe a ƙugu yana danne jijiyoyin da suke sauka ƙafa, mace ta tashi tana jan ƙafa ɗaya ko duka biyun, wata kuma mafitsararta ta saki saboda ta daɗe a cike ba a zuƙe ba.

A fayil kuwa abin da za ka gani shi ne N82.0 kaɗai, wato yoyo tsakanin mafitsara da farji. Faɗuwar ƙafar tana rubuce a takardar ma'aikatan jinya ko ta masu gashin ƙashi, amma ba ta isa takardar sallama, saboda haka ba ta samun lamba. Ko da ta isa, sai an ga abin da likita ya rubuta, domin idan ya ce jijiyar gefen gwiwa ce G57.3 za a sa, idan kuma ya ce tarin jijiyoyin ƙugu ne sai G54.1. Wani abin da yake damuna shi ne matar da aka ɗinke raminta ya rufe, amma fitsari bai daina zuba ba saboda bakin mafitsarar ya lalace. Idan ta dawo aka sake rubuta mata N82.0, an nuna ke nan ɗinkin ya warware alhali bai warware ba, an zalunci likitan da ya yi aikin, ita kuma an ɓoye ainihin bukatarta. Wurinta yana N39.3 ko N39.4, gwargwadon abin da gwajin shuɗin ruwa, wanda ake zubawa a mafitsara don a ga ta inda yake fita, da binciken likita suka nuna.

Wannan ba zancen takarda kawai ba ne. Idan rahoton shekara bai nuna cewa akwai mata masu jan ƙafa ba, da wace hujja shugabar sashe za ta nemi a turo mai gashin ƙashi ko a sayo takalmin tallafin ƙafa?

Jami'in Kati, Yawuri

Ina girmama duk abin da manya suka faɗa, amma bari in faɗi yadda abin yake a ƙananan asibitoci. Mutum ɗaya ne yake yanka kati da safe, ya nemo fayil, ya cike rajistar masu zuwa, sannan a ƙarshen wata ya tattara alƙaluman da za a shigar a DHIS2, wato manhajar tattara alƙaluman lafiya ta gwamnati, kuma fom ɗin wata-wata ba ya tambayar N31.1 ko N31.2. A nan bakin kogin Kwara abin da ya fi cika mana rajista a ɓangaren fitsari shi ne tsargiya, B65.0, da kumburin firostet na tsufa, N40. Shin ya dace mu kashe lokacin da ba mu da shi a kan ayyukan da watakila sai a shekara a ga ɗaya?

Mai Adana Fayil, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Baba Malam, da Likita, da Sista. Ɗan'uwana na Yawuri ya faɗi abin da wasu abokan aikina ma suke faɗa. Saura tambayata ta uku, Baba, wato yadda za mu auna kanmu ba tare da an tsayar da sauran aiki ba.

Tsohon Malamin Rekod, Gwandu

Ɗana na Yawuri, ban musa maka nauyin aiki ba, amma ƙarancin waɗannan ayyuka shi ne ya sa kuskure a cikinsu ya fi tsada. Idan ka kuskure fayil biyu a cikin ɗaruruwan masu tsargiya, hoton bai canja ba. Idan kuwa aikin da aka yi biyar ne kacal ka kuskure biyu, to abin da ka aika sama ba shi da alaƙa da abin da ya faru. Sannan tun da dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta kafa hukumar inshorar lafiya ta NHIA a madadin tsohon tsarin NHIS, ga kuma takwararta ta jiha, KECHEMA, a nan Kebbi, takardar neman biyan kuɗi da cutar da aka rubuta a kanta ba ta dace da aikin da aka yi ba tana iya dawowa ba a biya ba. Kuma ƙarancin ya sauƙaƙa aunawar, domin ba sai an ɗebi samfuri ba, ana iya duba su duka.

Ga yadda ake yi. Kada ku fara daga jerin lambobinku, domin fayil ɗin da aka bai wa lambar da ba tasa ba, ba zai fito a jerin ba balle a gan shi. Ku fara daga rajistar ɗakin tiyata da ta ɗakin kwanciya, ku zaro duk wanda aka yi wa aikin da ya shafi mafitsara da jijiya a cikin watanni uku da suka wuce. Wani ma'aikaci dabam, wanda bai ga lambar farko ba, ya sake ba su lamba daga rahoton tiyata da takardar sallama. Inda suka saɓa, a zauna da likitan da ya yi aikin a yanke hukunci. Daga nan sai ku amsa tambayoyi biyu dabam-dabam: a cikin waɗanda aka yi wa aikin da gaske, nawa ne lambarmu ta kama, sannan a cikin waɗanda muka bai wa lambar, nawa ne aka yi wa aikin da gaske. Sashe yana iya yin kyau a ɗaya ya faɗi a ɗayar.

Ku ƙirga dacewa a haruffa ukun farko dabam, a harafi na huɗu dabam, domin wanda ya sa N31.9 a wurin N31.2 bai yi nisa kamar wanda ya sa ta a wurin S34.3 ba. Kowane kuskure kuma a rubuta tushensa, ko mai ba da lamba ne ya kauce wa ƙa'ida, ko likita ne bai rubuta ba, ko takardar ce ta ɓace daga fayil, saboda maganin kowanne dabam ne. Kada adadin farko ya karya muku gwiwa. Wata bita da aka wallafa a 2012 a kan asibitocin Birtaniya, inda ake da ƙwararrun da ba su da wani aiki sai wannan, ta samu matsakaicin daidaito na kimanin kashi 80 cikin ɗari a lambar cuta da kimanin kashi 84 a lambar aiki.

Takardar bitar kada ta ɗauki sunan kowa, lambar fayil ta wadatar, domin dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 da dokar kare bayanai ta 2023 duka sun wajabta sirri, kuma waɗannan cututtuka ne da mutum ba ya son ko maƙwabcinsa ya ji. Wanda zai jagoranci bitar ya kasance mai rajista da hukumar rajistar jami'an adana bayanan lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1989. Ku kuma rubuta a saman takardar kundin da kuka yi amfani da shi da shekarar bugunsa, domin ICD-11, kundin da ya gaji ICD-10, ya fara aiki a hukumance tun 1 ga Janairu, 2022, kuma ranar da asibitinku zai koma kansa, wanda zai juya tsofaffin lambobi zuwa sababbi zai bukaci sanin ko da bugun 2010 kuka yi aiki ko da na 2019.